ZAUREN 'YAN MATA: Kafin Ki Danna Kwaɗo

Ga dogon hutu ya ƙarato, na san da yawanku zuciya ta riga ta tafi Sakkwato ko Ƙonni, gangar jiki kawai ta rage a Illela. To ku ɗan dakata ku ji abin da ya same mu, don kada ya sami wata.

A ƙarshen watan Yuli na 2023 muka tsallaka zuwa Tawa bikin 'yar gwaggonmu, da niyyar kwana biyar. Muna can sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga wata, aka rufe iyaka. Kwana biyar ya koma mako uku kafin muka samu hanyar dawowa, ga damina ta kankama. Da muka buɗe ɗakin Inna sai na ji ta ce, "Innalillahi! Mi ni ka gani haka?" Ashe ganye da leda sun toshe indararo, ruwa ya kwanta bisa soro har ya sami hanya. A ƙarƙashin wurin kuwa akwatunan lefen ƙanwata ne, saura wata biyu biki. Atamfa da leshi duk sun yi funfuna, na ƙasa kuma gara ta yi rabonta. Yarinyar nan kwana ta yi tana kuka. Allah Ya sa yaron mai hankali ne, ya ce ita yake so ba zane ba, amma kunyar da muka ji gaban danginsa Allah kaɗai Ya sani.

Ba ɓarawo ya shiga ba fa, sakacinmu ne. Kwaɗo biyu muka danna a ƙofa, amma babu wanda muka bar wa mabuɗi. Maƙwabciyarmu ta ce da Inna, "Wallahi Hajiya na ga bangon yana jiƙa, to ta ina zan shiga?"

Don haka ƙanwata, ko kwana biyu za ku yi, ki shirya gida kamar za ku yi wata guda. Mu mutanen bakin iyaka mun ga rufewar 2019 wadda ta kai har Disambar 2020, ga kuma ta 2023. Mai fita ya san ranar tafiya, ta dawowa sai Allah.

Ki sa yayyenki maza su hau su share indararo, a buɗe magudanar tsakar gida. Akwati da katifa a ɗora su bisa bulo ko benci, a janye su daga jikin bango, domin ta nan gara ke bi. Takardun makaranta da na haihuwa ki ƙulle su cikin leda. Gero da shinkafa a zuba a mazubi mai murfi saboda ɓera. A kife randa da bokitai kada sauro ya yi ƙwai, a rufe bakin rijiya. A kashe wutar lantarki daga tushe, a kwashe abin da ke cikin firji, a ɗaure kan tukunyar gas, a tabbata garwashin murhu ya mutu. Awaki da kaji a kai su gidan da za a kula da su, tare da dusarsu, kada ki ɗora wa mutane nauyi biyu.

Sai babban abu: mabuɗi. A ba dattijuwa ɗaya amintacciya, ta riƙa leƙawa bayan kowane ruwa, yaranta su share ƙofar gida. Shara ta taru a ƙofa ita ke gaya wa ɓarawo babu kowa, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci, gari ya cika da baƙin fuska. Baba kuma ya sanar da mai unguwa. Sarƙa da 'yan kunnen zinari kada a bar su ƙarƙashin katifa, nan ake fara dubawa.

Ku kuma 'yan mata, ku riƙe bakinku. Ba sai kin sa hotonki a WhatsApp kina cikin mota kin rubuta "sai bayan Sallah" ba. Haka saurayin da ya fara zuwa zance jiya-jiya, ba ki san asalinsa ba, ba dole ya san gidanku zai zama wayam ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In kin gama duk wannan, ki yi addu'ar fita, ki bar wa Allah sauran. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku ku iske gida yadda kuka bar shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Antinku ta Illela