A Ba 'Yan Mata Filin Wasa

Wai gudu da tsalle ba na 'ya mace ba ne! Haka muke ji daga Anka har Gummi, har a bakin 'yan boko. To, mu ba mu yarda ba.

Tungar Guru, a ƙasar Bukkuyum, tana cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara. Wanda ya ga wannan musiba, ba sai an gaya masa darajar lafiyar yaro ba. Ilmi ba ya zama a raunanan jiki. Don me yarinya za ta tashi daga aji sai talla da daka, alhali ɗan'uwanta yana fili yana ƙwallo?

Masu fakewa da addini su tuna Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Masu fakewa da al'ada kuwa, gaɗar da iyayenmu mata suka yi a dandali fa?

Buƙatarmu kaɗan ce: fili mai katanga, malama mace, sutura ta mutunci, da awa biyu a mako. Ku ma'aikatan ilmi, alƙalami yana hannunku.