Waiwaye: Komawa Kan Babur Bayan Furfura Ta Fito

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Zariya ko Kano ko Katsina a shekarun 1970 da 1980 ya san irin darajar da babur yake da ita a wancan zamani. Bayan da gwamnati ta biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da malaman gona da akawuna suka cika gari da Honda Benly da Suzuki da Yamaha, 'yan kasuwa kuma suka rungumi Vespa. Ganin babur a zaure alama ce ta rufin asiri. Yaran gida su ne masu wanke shi ranar Asabar, kuma a wurin wankin nan ne yawancinmu muka san ina kuloci yake, ina birki, ina totur. Kafin gemu ya fito mun riga mun iya hawa, ba tare da kowa ya zaunar da mu ya koya mana ba.

Daga baya zamani ya juya. Rayuwa ta yi tsanani tun daga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, acaɓa ta zama sana'ar dubban matasa, baburan Sin irin su Jincheng suka shigo, na Indiya irin su Bajaj suka biyo baya. Abin hawan ma'aikaci ya koma abin neman na cefane. A 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana goyo a kan babur a cikin birni da kewaye. Mu kuwa mun yi aure, iyali ya ƙaru, muka sayi mota, muka ajiye babur tare da sauran kayan samartaka.

Abin da ya dawo da ni iri biyu ne. Na fili shi ne tsadar mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, cikin 'yan kwanaki farashi ya ninka kusan sau uku, ni kuma kullum ina sintiri tsakanin Kubwa da Garki, tafiyar wajen kilomita 30, ni kaɗai a cikin mota mai kujeru biyar. Na ɓoye kuwa shi ne kewa. Da don tattalin mai kaɗai ne, ƙaramin babur ya ishe ni. Zuciyata ta daɗe tana son irin manyan baburan nan masu kujera ƙasa-ƙasa da faffaɗan kai, waɗanda mai hawansu yake zama a miƙe, ƙafafunsa a gaba.

Asalin wannan ƙira daga Amurka yake, ƙasar dogayen hanyoyi miƙaƙƙu. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwaukee a 1903, shi ne ya fi shahara da ita, da injinsa mai silinda biyu da aka jera kamar harafin V. Kamfanonin Japan sun bi sahu: Yamaha ya fito da Virago a 1981, Honda ya fito da Shadow a 1983. Wanda Allah ya hore mini Shadow 750 ne, ɗan Kwatano. Nauyinsa ya kai kilo 250, wato ya ninka baburan da muka hau muna samari sau biyu da ɗoriya, kuma manyan na Harley suna wuce kilo 300. Wannan nauyi shi ne malamina na farko.

Bakaniken da ya duba mini shi dattijo ne da ya tsufa cikin gyaran manyan babura. Kafin ya taɓa inji sai ya durƙusa gaban taya, ya goge gefenta da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu da aka zana a jikin robar. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Zanen tayar bai cinye ba, amma lambobin sun nuna ta haura shekara goma, robar ta bushe ta yi tauri. Ya ce, “Alhaji, mota ƙafa huɗu gare ta. Wannan kuwa, abin da ya haɗa ka da kwalta bai wuce tafin hannu biyu ba. A canza su duka, a zubar da tsohon man birki, sannan mu yi maganar hawa.” Da aka gama, sai ya ƙara da cewa, “Ba a kokawa da shi, ranka ya daɗe. Lallaɓa shi ake yi.”

A filin wata makaranta, da sassafen ranakun hutu, na gane abin da yake nufi. Babban babur ba ya wahalar da mai shi a kan gudu. Da zarar ya miƙe, nauyin nan ya zama natsuwa. Wahalarsa tana wurin tafiyar hawainiya: shiga ƙofar gida, juyawa a lungu, ratsa layin gidan mai. A nan ne ake riƙe kuloci rabi da rabi, a ɗan ba shi wuta kaɗan ba yankewa, ƙafar dama tana taɓa birkin baya a hankali, kai kuma a juye yana kallon inda ake son zuwa. Wanda ya kalli ƙasa, ƙasa zai je. Wanda ya damƙe birkin gaba alhali kan babur yana karkace, nan take kilo 250 zai kwanta, ba kuwa ƙarfin cinyar da zai tare shi. Haka ma wurin ajiyewa: ba shi da giyar baya, saboda haka ba a sa hancinsa a gangare, kuma ana barinsa a giya ɗaya don kada ya silale. Kafin a sauke ƙafa a danja ana duba inda za ta sauka, domin yashi kaɗan ko ɗigon baƙin mai ya isa ya zame da takalmi. Ko ɗaga babur ɗin idan ya faɗi akwai yadda ake yi: a kashe inji, a juya masa baya, a tsuguna, hannu ɗaya a kan babur ɗaya a ƙarfen baya, a tura da ƙafafu taki bayan taki. Mai shekara 50 da ya sunkuya ya ɗaga da ƙugu, gadon asibiti yake nema.

Malami na biyu shi ne jikina. Hannu ba ya manta kuloci, ƙafa ba ta manta giya, kuma a nan haɗarin yake, domin cikin minti goma mutum zai ji kamar bai taɓa sauka ba. Abin da ya tafi a ɓoye shi ne saurin ido da saurin yanke shawara. Bayan shekara 40 ido yana fara jinkirin sauyawa daga kallon kusa zuwa nesa, hasken fitilar motar da ke tahowa da dare yana daɗewa bai bar idon ba, wuya ba ya juyawa kamar da, ƙashi kuma idan ya karye ba ya saurin haɗewa. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa ya fi tsawon motoci biyu. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkawa sau huɗu. A Ingila da Amurka an daɗe da lura da masu komawa babur a tsakiyar rayuwa, mutanen da suke da kuɗin sayen babban inji amma ƙwarewarsu ta tsaya a ƙaramin da suka bari. Shi ya sa 'yan sandan Birtaniya suke gudanar da shirin BikeSafe, inda ɗan sanda ƙwararre yake bin mahayi a baya yana lura da tuƙinsa sannan ya faɗa masa gyara. Mu a nan, dole mutum ya zama mai bin bayan kansa.

Abu mafi muhimmanci da na sake koya shi ne birkin gaba. Muna yara an tsoratar da mu da shi, aka ce yana kifar da mutum, muka tashi da taka na baya kawai. Gaskiyar ita ce idan aka ja birki nauyi yana komawa kan tayar gaba, kuma ita ce take yin mafi yawan aikin tsayawa. Ana matsa shi ne a hankali, a ƙara, a ƙara, babur yana miƙe, tare da na baya. Sabbin manyan babura suna zuwa da na'urar ABS mai hana taya kullewa, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa masu inji sama da 125cc tun daga 2016. Yawancin na hannu da suke iso mana ba su da ita, don haka yatsun mutum ne na'urarsa, kuma yatsu ba sa ƙwarewa sai da maimaici a filin da ba kowa.

Malami na uku shi ne titi. Babbar hanyar Kubwa da safe tana da faɗi da santsi, tana kuma ruɗar mutum. Motocin haya suna tsayawa ba sigina don ɗaukar fasinja, masu tafiya a ƙasa suna tsallakawa a guje ƙarƙashin gadar da aka gina dominsu, direbobi da yawa idonsu yana kan waya, abin da babu shi a zamanin da muka bar babur. Wani bincike da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, aka wallafa a 1981, ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na irin waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga wa mai babur hanya, galibi don bai gan shi ba. Shekaru sun wuce, ƙasa ma daban, amma duk mai hawa a Abuja zai shaida haka lamarin yake. Saboda haka fitilata a kunne take ko da rana tsaka. Ba na tafiya a gefen mota inda madubinta ba ya kamo ni, ba na raɓar tirela, kuma idan na hango mota a bakin mahaɗa, tayarta ta gaba nake kallo, domin ita ce take fara faɗin abin da direba zai yi. Ruwan farko na damina yana taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta duk rani, hazon hunturu kuma yana rage gani. A irin waɗannan ranaku mota tana nan, ba kuwa abin kunya ba ne a ɗauke ta.

Sai batun sutura. Babbar riga da malum-malum ado ne a wurin taro, amma leɓensu yana iya shiga taya, silifa kuwa ba takalmin babur ba ne. Kayan ofis suna cikin jaka, ni kuma ina cikin jaket mai kauri, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da hular kwano mai rufe haɓa. Mun tuna yadda aka yi a farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta yaɗawa sun nuna cewa sa hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Akwai zafi, musamman a watan Maris. Gumi dai ana wanke shi da ruwa.

Duk wannan taka-tsantsan yana da tushe a gida. Ranar da na kawo babur ɗin, uwargida ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Abban yara, ba zan hana ka abin da kake so ba. Amma ka tuna da can kai kaɗai kake hawa, yanzu kuwa mu duka kake goyo.” Mahaifiyata da ta ji labari cewa ta yi, “Allah ya tsare, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya,” kuma har yau ba ta fasa wannan addu'a ba. Ajali yana hannun Allah, wannan ba shakka a cikinsa. Amma addininmu ya haɗa tawakkali da riƙon sababi, kuma jiki amana ne. Lasisin aji A, da lamba, da inshora, da duba iskar taya kowane mako, duk cikin sauke wannan amana suke.

Abin da na samu ya fi abin da na je nema. Mai ya ragu, lokacin da nake ɓatawa a cunkoso ya ragu. Abin da ya fi waɗannan shi ne hankali da yake taruwa wuri guda. A kan babur ba waya, ba rediyo, ba tunanin bashi ko rigimar ofis, domin titi ba ya yarda a raba masa hankali da wani abu. Ina isa wurin aiki a wartsake, ina dawowa gida da sakakkiyar zuciya. Na kuma ƙara ganin girman 'yan acaɓa da masu kai saƙo, waɗanda suke wuni cikin wannan haɗari don ciyar da iyali. Yanzu ko a mota nake, sai na duba madubi sau biyu kafin na karya kwana.

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Saurayi yana kuɓuta daga haɗari da saurin hannu. Wanda ya manyanta ba shi da wannan saurin, jarinsa shi ne hangen abin tun bai faru ba, da barin tazara, da haƙurin bari a wuce shi. Don haka, ɗan'uwana da kewar babur take taso maka duk sanda ka ji rugugin inji, ba na ce ka danne ta ba. Ka koma, amma ka koma a matsayin ɗalibi. Ka fara da matsakaici kafin ka hau mai nauyi, ka nemi wanda ya fi ka sani ya kalli tuƙinka, ka ba fili haƙƙinsa kafin ka shiga babban titi, ka sayi hula tun kafin ka sayi babur, ka kuma zauna da iyalinka ku yi maganar a fili. Allah ya tsare mu a hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.