Simintin Lamadji da Ma'anar Ƙirƙira

Kalmomi biyu ne ke yawo a bakin masu sharhi kan masana'antu: dabara da ƙirƙira. Dabara ita ce hanyar da kamfani ya zaɓa don ya ci kasuwa, ƙirƙira kuwa ita ce sabon abu ko sabuwar hanyar yin tsohon abu. Galibi akan ɗauka cewa ƙirƙira ce ke jan ragama, wato a sayo sabon inji, sauran kuma su biyo baya. Masana'antar siminti da ke unguwar Lamadji, a arewacin birnin Njamena, ta nuna cewa al'amarin ba haka yake ba.

A shekarar 2017 aka buɗe wannan masana'anta, mallakar kamfanin CIMAF na ƙasar Maroko, da ƙarfin samar da tan 500,000 a shekara. Kafin ita, Chadi tana da masana'antar Baoré kusa da garin Pala, wadda aka ƙaddamar a 2012 da ƙarfin tan 200,000, tana ƙona farar ƙasar da ake haƙowa a yankin. Ta Lamadji kuwa maniƙa ce. Ba ta ƙona dutse. Tana karɓar kilinka, wato curin da ke fitowa daga tanderu bayan an gasa farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450, ta niƙa shi da ɗan jifsam, ta ɗura a buhu.

Wannan zaɓi ba wauta ba ne. Maniƙa ta fi cikakkiyar masana'anta arha nesa ba kusa ba, ana gina ta da sauri, kuma ana dasa ta a bakin kasuwa, inda magina suke. Da wannan salo CIMAF ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sai dai salon ya fi dacewa da biranen da ke gaɓar teku, irin su Abidjan da Konakiri, inda jirgin ruwa ke sauke kilinka a ƙofar gida. Chadi ba ta da teku. Daga tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru zuwa Njamena tafiyar kusan kilomita 1,800 ce, kuma kuɗin wannan jigila yana ƙarewa ne a kan birkila da mai gina ɗaki ɗaya a bayan gari.

To, a nan ne dabara ke faɗa wa kamfani irin ƙirƙirar da za ta amfane shi. Maniƙar da ke nesa da teku ba za ta tsira da sabon injin ɗura buhu ba, komai kyansa. Abin da ke gabanta shi ne rage yawan kilinka a cikin kowane buhu ba tare da ƙarfin siminti ya ragu ba. Kuma hanyar tana nan. Masu bincike a Suwizaland da Kyuba da Indiya sun fito da wani haɗi da ake kira LC3, wanda rabinsa kawai ne kilinka. Kashi 30 cikin ɗari gasasshen yumɓu ne, kashi 15 farar ƙasa, kashi 5 jifsam. Yumɓun ba ya bukatar zafin da ya wuce digiri 800 ko makamancin haka, saboda haka makamashin da ake ƙonawa ya ragu, hayaƙi ma ya ragu. Ba tatsuniya ba ce: kamfanin Cimpor ya riga ya kafa tanderun gasa yumɓu a Kribi ta Kamaru, maƙwabciyar Chadi.

Akwai sharuɗɗa, kuma ba ƙanana ba ne. Ba kowane yumɓu ke yi ba, sai wanda sinadarin kawolin ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari a cikinsa, don haka kuɗin farko na binciken ƙasa ne. Sannan ga magina, waɗanda kan auna siminti da ido. Buhun da garinsa ya ɗan yi ja-ja sai ya sha tambaya kafin ya shiga kwaɓi. Hukumar da ke kula da ingancin kaya ma sai ta amince.

Wani zai ce a bi sawun Najeriya kawai. A 2002 gwamnatinta ta ɗaure lasisin shigo da siminti da sharaɗin kafa masana'anta a gida, kuma daga nan Ɗangote, wanda a da shigo da siminti yake yi, ya gina Obajana a Jihar Kogi. Amma Obajana a kan farar ƙasa take zaune, ga bututun iskar gas, ga kasuwar da mutanenta suka ninka na Chadi fiye da sau goma. Lamadji ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da ya fi kusa da hannunta shi ne ta rage yawan tirelolin kilinka da take jira daga waje, kuma alhakin fara gwajin yumɓun yana wuyan kamfanin da gwamnatin da ta gayyato shi.