ƁARNAR ƊAN HAYA DABAN, AIKIN YAU DA GOBE DABAN

A manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna da Abuja, ya zama al'ada mai gidan haya ko dillalinsa ya karɓi waɗansu kuɗi daga hannun ɗan haya bayan kuɗin hayar, da sunan ajiya, domin gyaran abin da zai ɓata a gidan. Sharaɗin kuwa shi ne, in ya tashi bai ɓata kome ba, a mayar masa da kuɗinsa. To, amma sau da yawa ranar tashi ita ce ranar rigima. Mai gida ya ce fenti ya dushe, ya riƙe kuɗin gaba ɗaya. Ɗan haya kuwa, wanda wataƙila da waɗannan kuɗi yake sa ran cika hayar sabon gida, ya ce an zalunce shi. Mutanen da suka shekara biyar suna gaisawa sai su rabu baram-baram.

Babu shakka tushen wannan rigima shi ne rashin rarrabewa tsakanin ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa ko da sakacinsa, da kuma lalacewar da yau da gobe ke jawo wa kowane gini. Fentin da rana da ƙurar hunturu suka kashe wa haske, da daɓen da ya siɗe saboda takawa, da famfon da ya soma ɗiga don robarsa ta tsufa, da kwanon rufin da damina ta sa ya yi tsatsa, duka waɗannan aikin yau da gobe ne, kuma nauyinsu yana wuyan mai gida, domin kuɗin hayar da yake karɓa sun ƙunshi ladan wannan tsufa. Amma gilashin tagar da yara suka fasa da ƙwallo, da ƙofar da aka ɓalle don makulli ya ɓata, da silin da ya yi baƙi ƙirin saboda an hura gawayi a cikin ɗaki, da bangon da aka fasa ba da izini ba, waɗannan ɓarna ce, lalle ne wanda ya yi ta ya biya.

Akwai kuma abin da ke tsakani, watau sakaci. Yoyon rufi ba laifin ɗan haya ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya yi shiru damina guda har silin ya ruɓe, to, ya sa hannu cikin asarar. In kuwa ya faɗa aka ƙi gyarawa, ba shi da alhaki.

Wannan rarrabewa tsohuwa ce. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda littafin Risala ya nuna, wanda ya yi hayar abu amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya lalace a hannunsa, ana kuma gaskata maganarsa sai in ƙaryarsa ta bayyana. Malamai sun yi bayani cewa ramuwa tana hawa kansa ne in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. A Ingila ma, cikin 1953, alƙalin nan Lord Denning ya bayyana cewa ƙananan ayyukan kula da gida, kamar buɗe magudanar da ta toshe, na ɗan haya ne, amma ba a tambayarsa abin da tsufa ya lalata. Haka kuma Dokar Haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta wajabta wa ɗan haya kula da gida, ta kuma cire masa nauyin lalacewar yau da gobe. Ta tilasta wa mai gida ya ba da rasit na dabam a kan kuɗin ajiya, tare da bayani a rubuce, aƙalla kowane wata 6, na yadda aka sarrafa su.

Ko da ɓarna ta tabbata, adalci bai yarda mai gida ya sabunta gidansa da aljihun ɗan haya ba. Alal misali, a ce fentin gida yana ɗaukar shekara 5 kafin a sake shi, kuɗin aikin kuwa Naira 100,000 ne. In ɗan haya ya ɓata shi bayan shekara 4, abin da mai gida ya yi asara shi ne shekara guda, watau Naira 20,000. Wajibi ne kuma a dubi tsawon zaman da aka yi, da yawan mutanen gidan, da ingancin kayan tun farko. Mai gidan da ya ba magidanci mai 'ya'ya shida haya, da saninsa, bai kamata ya sa ran samun bangonsa kamar na gwauro ba.

Abin da ya rage shi ne hanyar tabbatar da gaskiya. Tun daga 6 ga watan Afrilu na shekarar 2007, dokar Ingila ta wajabta a sa irin waɗannan kuɗi a ƙarƙashin kariyar wani shiri da hukuma ta amince da shi. In gardama ta tashi, mai sasantawa ne ke duba hujjoji kyauta, kuma mai gida ne zai kawo shaidar ɓarna, domin kuɗin na ɗan haya ne har sai an tabbatar da akasin haka. A 2019 aka ƙayyade cewa ajiyar ba za ta wuce hayar mako 5 ba a yawancin gidaje.

Ya kamata Majalisun Dokoki na jihohi su dubi waɗannan misalai, su ƙayyade yawan kuɗin ajiya, da wa'adin mayar da su, su kuma wajabta wa mai gida ya rubuta abin da ya cire ɗaya bayan ɗaya, tare da rasit na gyara. Masu unguwanni da alƙalai, waɗanda ake kai wa irin wannan ƙara, su riƙa tambayar shekarun abin da aka ce ya lalace kafin su yanke hukunci.

Su kuma jama'a, kada su jira doka. Ranar shiga gida, mai gida da ɗan haya su zagaya ɗaki ɗaki a gaban shaidu biyu, su rubuta halin da kome yake ciki, su ɗauki hotuna da waya, kowa ya sa hannu ya riƙe takardarsa. Ranar fita a sake zagayawa da takardar nan a hannu. Hausawa dai sun ce, tun ran gini, tun ran zane.