Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Madina: nisan hanya da tsadar aikin Hajji

Duk da miliyoyin jama'ar da ke kwarara Makka a kowace shekara, birnin ba shi da filin jirgin sama. Maniyyacin da ya taso daga Nijeriya ko Nijar yakan sauka ne a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, ko kuwa a na Madina. Wannan zaɓi kan shafi kuɗin kujera da kuma lafiyar alhazai.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, tafiyar da ba ta cika wuce sa'o'i biyar ba idan jirgi ya ratsa ta Chadi da Sudan. To amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai ya zama tilas jirage su yi zagaye. Kamfanonin jigilar alhazan Nijeriya sun nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci a wannan shekarar, abin da ya nuna cewa rikicin wata ƙasa na iya taɓa aljihun manomi a Katsina.

A cikin Saudiyya kuwa, tsakanin filayen jiragen Jidda da Madina bai kai kilomita 350 ta sama ba, tafiyar kamar sa'a guda. A mota kuwa kimanin kilomita 400 ne, wato sa'o'i huɗu, ko fiye da haka idan bas ce ta alhazai. Wannan ne ya sa hukumar alhazai ta Nijeriya, NAHCON, ta fi son a sauke maniyyata a Madina kai tsaye: su yi ziyara, su wuce Makka, bayan an gama aikin Hajji su koma gida ta Jidda. Ta haka an rage wa tsofaffi doguwar tafiya guda a cikin zafin hamada.

Jirgin ƙasa mai gudu na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, ya rage tsawon lokacin tafiyar. Yana haɗa Makka da Jidda da filin jirginta da Madina a kan layin dogo mai tsawon kilomita 450, yana kuma kammala tafiyar cikin kimanin sa'o'i biyu da rabi.

Tashar jirgin a Makka tana Rusaifa, ba nisa da Hindawiyya, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta. Kakannin da yawa daga cikinsu sun iso ne da ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu bayan shekaru a kan hanya, suka ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa. Babban titin Sarki Abdul'aziz da aka shata daga wajen tashar zuwa kusa da Harami ya ci dubban gidaje a tsofaffin unguwannin yammacin birnin, har da wani sashe na Hindawiyya.

Bisa ga dukkan alamu, sauƙin da matafiya suka samu bai isa ga kowa daidai ba. Yawancin alhazan Afirka ta Yamma har yanzu a bas suke tafiya tsakanin Makka da Madina, yayin da mazauna unguwannin da aka rushe suka koma nesa da Harami.