Kukan Bankin Arewa Ya Isa Haka

Ya 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani kuka da ya zame wa 'yan bokonmu kamar wuridi. Da zarar an taɓo zancen banki, sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce ai dokar jari ce ta kashe mana Bankin Arewa, wai makirci aka ƙulla don a bar mu hannu Rabbana. An rera shi a 2005, aka sake tayar da shi a 2024. To, ni dai ban yarda ba, kuma gara mu yi ta a fili.

Shin mene ne ma jarin nan? Kuɗin da banki ke juyawa iri biyu ne. Akwai na masu shi, watau masu hannun jari, akwai kuma na masu ajiya, irin su manomin Kunci da ya sayar da wakensa, ko matar Makoɗa da ta kai ragonta kasuwar Ɗambatta. A ce banki na juya Naira 100, 10 ta masu shi, 90 ta masu ajiya. In maciya bashi suka gudu da Naira 8, asarar ta tsaya a kan masu banki, mai ajiya bai ko ji labari ba. In kuwa Naira 15 ce ta salwanta, to, wuta ta cinye danga ta shiga ɗaki. Jari shi ne dangar. Saboda haka duk mai neman a rage shi, abin da yake nema shi ne a bar shi ya yi caca da guminka. Ko a ƙauyenmu ba a naɗa uwar adashi sai an san tana da abin da za a kama.

A watan Yulin 2004 ne Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen Disamban 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Mudu ɗaya aka auna wa kowa da shi, daga Ikko har Kano. Waɗansu suka fita kasuwa suka sayar da hannun jari, mutanensu suka saya. Namu fa? Bankin da aka kafa tun zamanin Sardauna, mai hedkwata a Kano, wanda jihohin Arewa ke da hannu a ciki, sai da aka haɗa shi da waɗansu takwas kafin a sami Unity Bank a farkon 2006. Jihohi 19 fa! Ko daga sifili za a fara, raba biliyan 25 gida 19, kowace jiha ba ta kai biliyan ɗaya da rabi ba. Ina gwamnonin suke? Ina attajiran da ake yi wa kirari a gidan biki? Wanda ya ƙi yi wa ɗakinsa yaɓe, ba ruwan sama zai zaga ba.

Ban ce yawan jari maganin kowace cuta ba ne. A 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, kuma sai da aka zuba Naira biliyan 620 kafin a tsayar da masu tangaɗi, alhali duk sun cika mudun Soludo. Na kuma san ƙaton banki ba ya marmarin rancen taki buhu biyu, don wahalar takardunsa ta fi ribarsa. Amma wannan hujja ce ta mu kafa namu, ba ta mu zauna muna tsine-tsine ba.

A watan Maris na 2024 Olayemi Cardoso ya sake ɗaga mudu: biliyan 500 ga mai hulɗa da ƙasashen waje, 200 ga na ƙasa baki ɗaya, 50 ga na yanki, wa'adi kuwa 31 ga Maris, 2026. Ya kuma ce ribar da aka tara ba ta cikin lissafi, sai tsabar da masu hannun jari suka zuba. Bayan 'yan watanni aka soke lasisin Heritage Bank. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, iyakarta Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, mai fiye da haka sai ya jira a sayar da kadarori. A watan Agusta kuma Babban Banki ya amince Unity ya haɗe da Providus, da tallafin biliyan 700. Ka ji inda magajin Bankin Arewa ya kwana.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bici, Tsanyawa da Minjibir, gona na jingine da gona, ba a hutar da ƙasa, in babu taki babu amfani. Manomi yana bukatar kuɗi a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da ya rasa, sai ya ci bashin da zai biya da hatsi a kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha. A farkon 2023 kuwa, da aka canja kuɗi, mun ga yadda mutum ke sayen Nairarsa da Naira a hannun masu POS. Shi wannan bawan Allah ba bankin biliyan 500 yake nema ba. Tun 2019 Babban Banki ya ƙayyade jarin ƙaramin bankin karkara a kan Naira miliyan 50 kacal. Motar ɗan majalisar tarayya guda ɗaya, irin wadda aka saya a 2023, ta ninka wannan fiye da sau biyu. Dillalan Dawanau 100, kowa ya ajiye Naira 500,000, an gama.

Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, a zangonta na biyu, ta kafa irin waɗannan ƙananan bankuna 37. Madalla. Sai dai banki ba rijiyar burtsatse ba ce da za a haƙa, a yanka ƙyalle, a watse. Yana son masu shi, waɗanda in ya yi asara aljihunsu ne zai yi kuka, su ƙara masa jari in an ɗaga mudu. A watan Mayun 2023 kaɗai an soke lasisin ƙananan bankuna 179 a faɗin ƙasar nan.

Wani zai ce Alhaji tsoron riba yake yi. Allah Ya saka masa da alheri. Amma Jaiz na aiki ba da ruwa ba tun 2012, TAJ tun 2019, kuma jarin irinsu na yanki biliyan 10 ne, ɗaya bisa biyar na sauran. Ƙaramin banki ma ana iya neman lasisinsa a kan wannan tsari. Wannan uzuri ya faɗi, a nemo wani.

Kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a jami'ar nan, kowace shekara kuma muna gayyato manyan garinmu su zauna a babbar kujera su yi alkawarin gudummawa. Bana in sun zo, a ajiye kalanda da lambar yabo, a miƙa musu takarda, kowa ya rubuta hannun jari nawa zai saya a bankin garinsu, ya sa hannu, a karanta a gaban jama'a.