Cutar Kawasaki: Zazzaɓin Kwana Biyar Ba Abin Raini Ba Ne

A shekarar 1967, wani likitan yara ɗan ƙasar Japan, Dokta Tomisaku Kawasaki, ya wallafa bayanin yara 50 da suka yi fama da wata baƙuwar cuta, wadda a yau ake kira da sunansa. Cutar tana kumbura jijiyoyin jini, kuma ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Har yanzu masana ba su gano musabbabinta ba, babu kuma gwajin jini guda da ke tabbatar da ita. Saboda haka lura da alamomi ita ce madogara.

Alamomin kuwa su ne zazzaɓin da ya kai kwana 5, tare da jan ido marar kwantsa, da jan harshe da tsagewar leɓɓa, da ƙuraje a jiki, da kumburin hannuwa da ƙafafu, da kaluluwa a wuya. Zazzaɓi da huɗu daga cikin waɗannan biyar sun isa likita ya tabbatar da cutar.

Babban haɗarinta yana ga zuciya. Idan ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa kan buɗe su yi rauni. Amma idan aka ɗura wa yaro sinadarin garkuwar jiki mai suna imunogulobulin ta jijiya, giram 2 ga kowane kilo na nauyinsa, haɗe da asfirin, cikin kwana 10 na farko, haɗarin kan sauko zuwa kimanin 4 cikin 100.

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar zazzaɓi a matsayin maleriya, ƙuraje da jan ido kuwa a ce ƙyanda ce. A nan kwanaki goman ke salwanta. Wani zai ce cutar ta fi yawa a Japan, maganinta kuma da tsada, don me za a damu? Amsa ita ce, cutar da ba a nema ba, ba a ganin ta, kuma gane alamominta ba ya cin ko kwabo.

Ya kamata malaman kimiyya su koyar da waɗannan alamomi, ɗalibai kuma su kai ilmin gida. Duk yaron da zazzaɓinsa ya kai kwana 5 bai ji magani ba, a kai shi wurin likitan yara, domin a duba ko yana bukatar hoton zuciya. Kada kuma a ba yaro asfirin a gida ba da izinin likita ba, domin yana iya cutar da hanta da ƙwaƙwalwarsa.